Aljihun Mai Wanki

Shekara arba'in da ɗoriya Mai Wanki ya yi yana laluben aljihun mutane kafin ya tsoma kayansu a ruwa. Ya tsinci makullai, ya tsinci takardun magani, ya tsinci wasiƙar da aka rubuta aka fasa aikawa, har haƙorin yaro ya taɓa tsinta a ƙulle cikin tsumma. Kowanne yakan ajiye shi a kan tagar ɗakin guga, ranar karɓar kaya ya miƙa wa mai shi ba tare da ya ce uffan ba. A duk tsawon shekarun nan aljihu ɗaya tak ya kuɓuce masa, shi ma nasa ne.

A cikin wannan aljihun hotonsu yake, shi da matarsa, wanda suka ɗauka a shekarar farko ta aurensu. Sai da ya gama cuɗa rigar, ya ɗauraye, ya zo matsewa, sannan ya ji wani abu yana lanƙwashewa a ƙirjinta. Da ya zaro, fuskokin sun riga sun bi ruwa. Abin da ya rage kafaɗarsa ce, da gefen ɗankwalinta, da rabin jirgin ruwan da aka zana a labulen da ke bayansu. Ba rashin hoton kawai ya dame shi ba. A cikinsa tana dariya, don mai hoton ya yi atishawa daidai lokacin da zai danna, kuma tun daga ranar kyamara ba ta ƙara ganin haƙoranta ba. Da an ce ta tsaya a ɗauke ta sai ta sandare kamar wuyan rigar da ya sha sitaci. Hotunanta na katin shaida da na asibiti duk na wata mata ce mai fushi wadda bai taɓa zama da ita ba.

Mai Bula yake kiranta, don ita ke auna bula a ruwan ɗaurayar farin kaya. Ba ta da cokali, ba ta da ma'auni. Takan ɗiga, ta juya da hannu, ta kalli ruwan ta gefen ido, shi ke nan. Ita kuma Baban Auta take ce masa a gaban mutane, Tsoho idan su biyu ne.

Autar tasu ce ta yanke maganar. Tana aikin jinya a wani babban asibiti, tafiyar yini da kwana a jirgin ƙasa, kuma likitocin can sun ce hakin da uwarta ke yi idan ta ɗaga bokiti daga zuciya ne, sai an yi aiki. Ranar Alhamis da safe za ta iso, su juya tare a jirgin azahar. Wata nawa za a yi, ba wanda ya faɗa. Ya ce zai bi su, Mai Bula ta ce wa zai bar wa zannuwan gadon gidan saukar baƙi, iska? Ya san ba zannuwan ne damuwarta ba. Ba ta son ya gan ta a kwance da roba a hanci.

Ranar Lahadi yana guga, sai ya tsinci kansa yana ƙoƙarin tuno fuskarta tana dariya, alhali tana tsakar gida, taku goma tsakaninsu. Fuskar ta ƙi tsayawa. Ya ga ɗankwalin, ya ga kafaɗa, tsakiyar kuwa fari fat kamar hoton da ya wanke. Ƙaurin yadi ne ya dawo da shi, ya ɗaga dutsen guga daga rigar wani malamin makaranta saura ƙiris ta ƙone.

Wayarsa 'yar ƙarama ce mai madannai, hotonta bai fi farcen babban yatsa ba. Manyan wayoyin shafa kuwa ba sa jin hannunsa. Ruwa da sabulu sun cinye zanen yatsunsa, sun bar fata mai tauri da santsi, ko sau goma ya shafa sai gilashin ya yi kamar ba a taɓa shi ba. Auta ta taɓa cewa a wajen wayarta Baba aljani ne, yana nan amma ba a san da shi ba.

Litinin da hantsi, bayan ya shanya zubin farko, ya ce wa Mai Bula zai je sayo sabulu. Ta kalli katan ɗin sabulun da ke bayan ƙofa, wanda ko rabi ba a ci ba, ta ce to, a gaida mai sabulu.

Ya bi gefen titi a hankali, hannuwansa a baya. Bai saba tafiya ba ɗaurin kaya a kafaɗa ba, sai ya ji jikinsa sakayau kamar ya manta wani abu a gida. Ya wuce mai faci da tayoyinsa, ya wuce kantin magani. Rabin rigunan da ke yawo a titin ya san su, wasu ya san inda maɓallinsu ya sake, ko da masu su ba su gan shi ba.

Shagon hoton na nan inda yake tun yana saurayi, tsakanin mai yanka makulli da mai sayar da fanka. Mai hoton mai atishawa ya daɗe da rasuwa, 'yarsa ce ke riƙe da wurin, mace mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi. Yanzu yawancin aikinta hoton fasfo ne da kwafin takardu. Labulen mai jirgin ruwa yana jingine a kusurwa a naɗe. Shi ya taɓa wanke shi har sau biyu, ya san inda shuɗin tafkin ya yi zuba ya shiga sararin sama.

Bayan sun gaisa ta tambayi jikin Inna Mai Bula, ya ce kyamara yake so, ƙarama, wadda ba ta buƙatar ilimi. Ya faɗi iyakar ƙarfinsa a hankali, kamar mai neman afuwa. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ai duniya ta koma waya, masu tambayar irin waɗannan sun yi ƙaranci, amma akwai guda uku da suka rage a akwatin gilashi, kuma babu wadda ta wuce abin da ya faɗa. Ta goge su da gefen mayafi ta jera a kan kanta: baƙa, ja, da wata mai ruwan toka da gefenta ya goge.

Ta fara masa bayanin megafiksel, ta ga hankalinsa ya tafi ya bar ta, sai ta sauko da tabarau na goshi.

"Baba, ka san yadi mai zare a matse da mai zare a sake? To haka ne. Mai yawan lamba, zarenta ya fi matsewa."

"Akwai yadi mai zare da yawa, amma zaren banza," in ji shi. "Wanki biyu ya zama rariya."

"To ka gama karatun. Ni sai da na yi wata uku kafin na gane haka."

Baƙar ita ce mai dogon ido. Ta danna wani wuri, hancin kyamarar ya miƙo kamar kunkuru ya leƙo, ta ba shi ta ce ya fuskanci ƙofa. A ɗan gilashin bayanta titi ya taso ya nufo shi, ya wuce ta kansa, sai ga rufin wani bene can nesa wanda bai taɓa lura da shi ba, da igiya, da farar riga guda tana kaɗa hannuwa ita kaɗai. Ya daɗe yana kallo. Hoton yana rawa da rawar hannunsa, rigar tana lilo kamar a cikin baho. Ya ji kamar zai iya miƙa yatsa ya taɓa wuyanta, ya gaya wa mai ita cewa ɗauraya biyu ba ta isar farin kaya. Ya yi tunanin ko akwai wadda idonta ke kai tafiyar yini da kwana, ta leƙa ta tagar asibiti ta dawo masa da labari. Sai ya sauke ta. Ya ce wadda zai ɗauka ba ta da nisa, tsakaninsu bai wuce faɗin zanin gado ba.

Mai shagon ba ta tambaye shi ko wace ce ba.

Jar ita ce sabuwa a cikinsu, kuma ita ta fi yabawa. Ta ce tana gane fuska, kuma akwai tsarin da idan an sa ta a kai ba sai an danna ba, da ta ga murmushi take ɗauka da kanta. Wannan kam kamar don shi aka ƙera ta. Ta saita ta a fuskarsa ta ce ya yi murmushi. Ya yi. Kyamara ta yi shiru. Ta ce ya ƙara, gashin baki ya rufe aikin. Ya ƙara har kumatunsa suka yi tsami, shiru. Da hannunta ya ɗan karkace sai kyamarar ta yi wani kukan tsuntsu, ta ɗauki jaririn da ke dariya a kalandar bangon bayansa.

"Ka gani? Ba ta ƙarya. Shi da gaske yake yi."

Nan ya yi dariyar gaske, amma lokacin kyamarar tana kallon silin. Kukan tsuntsun kuwa ya tsaya masa a rai, don da Mai Bula ta ji shi sau ɗaya an gama. Mai shago ta ce ana kashe shi, ta nuna masa inda zai taɓa a gilashin. Ya taɓa. Ya sake taɓawa. Ya goge yatsa a riga ya taɓa. Jar kyamarar ma, kamar wayar Auta, ba ta san da zamansa ba.

Mai ruwan tokan ta hannu ce, wani tsohon direba ya kawo ta bayan 'ya'yansa sun saya masa waya. Batirinta irin na rediyo ne, guda biyu, ana samu a kowane kanti. Madanninta na gaske ne, mai tudu, wanda yatsa ke ji. Mai shago ta ce hawa biyu gare shi: a danna rabi, ta nemo fuska ta tsaya a kai, sannan a ƙarasa. Ya gwada. Yatsansa ya sami rabin nan tun karon farko, don haka ake ɗora dutsen guga a kan siliki, ba a sakar masa nauyi gaba ɗaya.

"Amma ba zan ɓoye maka ba, tana da nawar aiki," ta ce. "Ka danna, sai ta ja numfashi kafin ta ɗauka. Idan dariya kake farauta, kafin ta farga an rufe baki."

Ya danna ya saurara. Jinkirin bai fi faɗowar ɗigon ruwa daga bakin rigar da aka shanya zuwa ƙasa ba. Ya tsaya yana juya ta a hannu. Dariyar Mai Bula ba ta zuwa ba sallama. Da farko gefen hancinta na hagu yakan motsa, sannan ta ciji leɓen ƙasa kamar za ta hana ta fita, sannan ta kufce mata. Tsakanin cizon leɓen da kufcewar akwai daidai wannan ɗigon.

"Ba komai," ya ce. "Zan riga dariyar dannawa."

Saura gwaji ɗaya. Ya zaro hankicinsa, ya shimfiɗa a kan kanta inda hasken ƙofa ke faɗowa, ya ce ta ɗauke shi da kowacce. Ta ce ai fari fari ne. Ya ce a'a, 'yata, akwai farin da ya sha rana, akwai na akwati, akwai na asibiti, akwai wanda aka cika wa magani ya mutu a tsaye. Baƙar ta fito da hankicin da ɗan rawaya, kamar ya shekara a ninke. Jar ta cika masa bula. Mai ruwan toka ta ba shi hankicinsa yadda matarsa ta ɗauraye shi. Ya ce a naɗe masa ita.

Ta kashe mata sauti, ta kashe wutar da ke walƙiya, ta zura ɗan katin da hotuna ke zama a kai. Ta gargaɗe shi cewa farin kaya yana ruɗa kyamara ta baƙanta fuska, don haka ya tabbata a kan fuskar ya danna rabin. Tana miƙa masa ledar ta ce idan ya gama ya kawo katin ta wanke masa.

Hannunsa ya tsaya a kan ledar.

"Ba za a wanke ba."

Ta ce yanzu ba ruwa a cikin aikin, inji ne ke bugawa, kalmar ce kawai ta saura daga zamanin babanta. Ya ce ya ji, amma shi ya san abin da wanki ke yi wa abu, sana'arsa ce. Duk abin da aka wanke sai ya bar wani abu nasa a ruwa. Zai bar hoton a cikin kyamara inda ba mai taɓa shi. Ta ce kati yakan mutu ba tare da ya yi jinya ba, kuma yatsa ɗaya a madannin da ba daidai ba yana share komai. Ya yi godiya ya fita. Sai da ya kai kwanar gida ya tuna, ya koma ya sayi sabulu sanda ɗaya.

Talata ya ɓoye kyamarar a kwandon 'yan itacen maƙale shanya, ƙarƙashin tawul. An hana Mai Bula ɗaga bokiti, amma ba a iya hana ta zama a kujerar bakin famfo tana ba da umarni ba, ko bin igiya tana taɓa kaya da bayan hannu don ta ji wanda ya bushe. Duk sanda hankalinta ya tafi wani wuri sai ya goge hannu, ya zaro, ya danna. Da azahar ya shiga ɗakin guga ya tura ƙofa ya duba abin da ya kamo. Zanin gado. Zanin gado da gwiwar hannu. Sararin sama da wayar lantarki. Ƙafarsa. Akwai ɗaya da ya daɗe a kai: inuwarta ce ta bayan zani, rana ta zana ta tun daga ɗankwali har yatsu, iska ta ɗan kumbura zanin sai ta zama kamar mai tafiya a cikin gajimare. Ya yi kyau ƙwarai, kuma ya ba shi tsoro. Ba inuwa yake so a bar masa ba.

Ranar ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya. Sai a lokacin ya lura rabonta da yi tun kafin takardar likita ta iso. Ya ba ta labarin wani mai kawo wanki da ya zo yana faɗa a kan wandon da ashe yana jikinsa, ta yi masa irin murmushin da ake yi wa baƙo.

Laraba da la'asar ta ce ya zo ta koya masa bula, tunda daga gobe shi zai riƙa yi, kada ta dawo ta tarar ya rine wa mutane zannuwa. Ya riƙe kalmar nan, ta dawo, ya ajiye ta a ransa. Ta nuna masa a babban baho: ɗigo uku, a juya da hannu, a kalli ruwan ta gefe, ba ta sama ba. Ya ce ya gane. Ta ce ya gwada a ƙaramin baho, da abin da ba na mutane ba. Ya ɗauko singiletinsa. Daidai nan maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga tana tambayar ƙarfe nawa ne jirgin, Mai Bula ta juya ta amsa. Kafin ta juyo ya riga ya tsoma, ya koma kusa da kwando yana goge hannu a tawul, yatsa bayan yatsa.

Ta sunkuya ta ɗago singiletin da yatsu biyu. Ya fito shuɗi shar, kamar an yanko shi daga labulen mai hoto. Ruwa na ɗiga a kan siminti. Ta kalli singileti, ta kalli baho. A bayanta zannuwa uku suna numfashi da iska, rana ta sauko ta zauna a kuncinta.

Ya danna rabi. Ɗan akwatin kore ya tsaya a kan fuskarta. Gefen hancin ya motsa. Ta ciji leɓe.

Ya ƙarasa.

Kyamarar ta ja numfashinta, dariyar ta iso ta same ta a hanya.

Ta yi ta har ta dafe ƙirji, ya yar da tawul ya riƙo ta ya zaunar da ita a kujera. Da numfashinta ya dawo ta share ido da gefen ɗankwali ta ce mutumin da ya san fari kala bakwai, yau ga na takwas. Sannan ta dube shi.

"Da gangan ka yi, Tsoho."

Ya ce hannunsa ne ya kufce. Ta ce to ya kawo sabulun da ya sayo ranar Litinin ta gani, wanda yake ta ɓoyewa a kwando yana ɗaukar gwiwar hannunta da shi.

Ya miƙa mata. Ta kai gilashin nesa, ta kawo shi kusa, ta kare rana da tafi. Ta ce ita ba ta ga komai ba sai shuɗi da wani abu kamar haƙora, a wanke shi ta gani. Ya ce a'a. Ya karɓi kyamarar ya riƙe a ƙirji, ya ce sau ɗaya ya wanke ta a rayuwarsa, ya isa.

Singiletin da ke bakin baho ya daina ɗiga. Can ta ce masa ai ya lalube aljihun rigar nan a ranar da hotonsu ya bi ruwa. Ya ce da ya lalube da ya gani.

"Ka lalube, ka rataye ta a ƙusar bayan ƙofa, ka fita ɗebo ruwa. Ni na ɗauka ita za ka sa washegari ka tafi duba mahaifinka. Sai na saka maka hoton a aljihu, don ka sa hannu a mota ka same ni."

Ya kalle ta. Ta ce da ta ga fuskarsa ranar sai tsoro ya kama ta, amarya ce lokacin. Da tsoron ya wuce sai kunya. Daga baya kuma ta ga ya zama mai wankin da ko allura ba a taɓa rasawa a hannunsa ba, har ana zuwa daga wata unguwa saboda haka, sai ta ce bari ta bar masa abinsa tunda yana amfani da shi.

Ya zauna a kan bokitin da ya kife. Ya ji kamar an sauke masa jiƙaƙƙen bargo daga kafaɗa, wurin ya yi sanyi, iska na taɓa shi. Ya so ya yi fushi, ya nema bai samu ba. Abin da ke yi masa yawo a kai yarinyar nan ce ta shekara arba'in baya, tana sanɗa a bayan ƙofa da hoto a hannu.

"Ashe hannuna bai taɓa kuskure ba," ya ce.

"Ban da yau." Ta nuna baho da haɓa. "Ba wanki ne ya ci hoton nan ba, Tsoho, ni ce. A wanke wannan. Sannan kai za ka zauna da fuskata, ni in tafi da me?"

Ta sa shi ya tsaya a gaban zani, ta ce ya yafa singiletin a kafaɗa don likitoci su ga abin da take fama da shi a gida. Da ya ga kyamara ta fuskance shi sai ya sandare, hannuwa a gefe, haɓa sama. Ta ce ashe ciwon na gidan ne. Ta danna madannin gaba ɗaya da ƙarfi, shi kuma ya kasa haƙuri, ya ɗaga yatsa ya buɗe baki zai ce rabi ake fara dannawa. A haka kyamarar ta same shi. Ta sa ya gaya mata abin da ya fito, ta ce madalla, wannan shi ne, kada a sake wani.

Alhamis da safe Auta ta iso da ƙaramar jaka da idanun wadda ta kwana a zaune. Ta ce za ta raka shi shagon, tana da takardun da za ta yi kwafi. A bakin ƙofa uwarta ta jawo ta ta yi mata raɗa, ya ɗauka maganar mata ce, ya yi gaba.

A shago ya tsaya dab da injin, yana kasa kunne ko zai ji motsin ruwa. Bai ji ba. Injin ya yi ɗan gurnani, takarda ta fara fitowa a hankali, zannuwa tukuna, sannan ɗankwali, sannan ita, baki buɗe, ido a lumshe, shuɗin singileti a yatsu biyu. Farin da ke bayanta nasu ne, ba a rage ba a ƙara ba. Ya karɓa da gefe-gefe. A bushe take, da ɗumi, kamar rigar da aka ɗago daga ƙarƙashin dutsen guga. Mai shago ta sauko da tabarau na goshi ta daɗe tana kallo, ta ce da babanta na nan da sai ya yi atishawar ƙarya goma kafin ya sami irin wannan. Da nasa hoton ya fito kuwa, ita da Auta sai da suka riƙe kanta. Ya bar su da kwafin takardunsu ya koma gida da ambulan biyu.

Mai Bula ta kai nata bakin ƙofa inda haske yake, ta kalla ta kalla, ta ce ashe tana da kyau ba wanda ya gaya mata. Nasa ta zura cikin jakar magani.

A tasha ba su yi doguwar magana ba. Auta ta shiga da kaya ta nemo kujerar taga. Mai Bula ta tsaya a bakin matakala ta gyara masa wuyan riga, ta shafa ƙirjinsa sau biyu kamar mai kakkaɓe zare, ta ce ɗigo uku, ba huɗu ba, kuma ya riƙa cin abinci a zaune. Ya ce Allah ya dawo da ita lafiya. Ta ce amin, ta hau. Ya tsaya har bayan jirgin ya yi ƙanƙanta, ya yi tunanin baƙar kyamarar nan mai dogon ido, sannan ya juya.

Gidan ya yi masa faɗi. Ya saka hoton a bayan gilashin kabad ɗin ɗakin guga, nesa da famfo, inda zai gan shi duk sanda ya ɗaga kai. Ya kwashe shanyar safe, ya ninke zannuwa shi kaɗai, yana riƙe gefe ɗaya da haɓa. Da la'asar ya tuɓe rigar tasha, wadda ta sha zufa, ya tara ruwa a ƙaramin baho. Har ya kai ta bakin ruwan, hannunsa ya tafi aljihu da kansa.

Akwai abu a ciki. Ɗan ƙarami, girman hoton fasfo, dariyar ce dai aka rage mata faɗi. An naɗe shi a leda ninki uku, an ɗaure da zare.

Bai kwance zaren ba. Ya ɗauko busasshiyar riga daga igiya ya sa, ya zura abin a aljihun ƙirji, ya dafe shi da tafi ya ɗan tsaya. Sannan ya tsoma rigar tashar, ya cuɗa, ya ɗauraye, ya sake ruwa. Ya ɗiga uku, ya juya da hannu, ya karkata kai ya kalli ruwan ta gefen ido.